Kwalabe Bakwai a Tagar Rekiya

Ina cikin takabar Malam Ilyasu, Allah Ya jiƙansa, na fara sanin ko wace ce Rekiya. Lokacin watanmu biyu da tarewa a gidan hayar nan na Kurudu, ban ma gama riƙe sunayen maƙwabta ba mutuwa ta shigo mana. 'Yata Kauthar ta yi mini sati biyu ta koma ɗakinta a Suleja, gida ya yi shiru. Rijiyar gidan ta ƙafe a ranin shekarar, ni kuma ba fita nake yi ba. Sai na riƙa buɗe ƙofa bayan sallar asuba ina tarar da jarka cike da ruwa a bakin ɗakina. An yi kwana tara ana haka kafin in gane matar ɗakin ƙarshe ce ke ajiyewa, kan ta fita aiki.

Wata Lahadi na ce bari in saka mata da abin da zan iya. Na tuƙa tuwon masara, na kaɗa busasshiyar kuɓewa, na kira ta. Ta zauna a tabarmata ta cinye tas, har da suɗe kwano, tana cewa, "Yaya, wannan miya ya yi." Bayan ta tafi na zuba nawa. Loma ɗaya na kai baki na kasa haɗiyewa. Ashe gishiri sau biyu na zuba, ko ma sau uku, don hankalina ba ya jikina a kwanakin nan. Na zauna ina kallon kwanon da ta suɗe. Ranar na fara dariya tun rasuwar Malam.

Rekiya Igbira ce, 'yar Okene. Hausarta ta Abuja ce, mace da namiji duk "shi" take ce musu, kuma ba ta damu a gyara mata ba. Gajera ce, mai saurin tafiya. Mijinta Salisu direban tirela ne, yakan yi sati uku bai kwana gida ba, ɗansu ɗaya kuma yana makaranta a Lokoja wajen kakarsa. Ita tana aiki a wani kamfanin kwali a Idu, shekara goma sha ɗaya tana naɗe kwalaye tana ɗaurewa. Yatsunta duk ƙananan yanka ne na bakin kwali. Daga Kurudu zuwa Idu ƙarshen gari ne da ƙarshen gari, don haka tana idar da sallar asuba take fita, ta riga cunkoson Nyanya. Da yamma takan dawo da guntayen kwali a hammata ta raba mana, mu shimfiɗa a ƙarƙashin tabarma saboda sanyin siminti.

Abu biyu na sani game da ita waɗanda ban taɓa gani sun haɗu a jikin mutum ɗaya kamar yadda suka haɗu a jikinta ba. Ba ta ƙarya, ko ta wasa. Kuma ba ta iya ce wa mutum a'a idan ya miƙo mata abu. Na taɓa tambayarta batun miyar nan, bayan shekara biyu. Na ce, "Ke da ba kya ƙarya, ya aka yi kika ce miyata ta yi?" Ta ce, "Ya yi mana. Ya yi gishiri."

Shekaranjiya waccan ta cika shekara biyu da ranar da ta kira ni ɗakinta ta kama hannuna ta ɗora a gefen nononta na hagu. Wani ƙullutu ne mai tauri, kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata. Ta ce wata uku ke nan tana jin sa. Ban yi mata faɗa ba, don faɗa ba ya mayar da wata uku baya. Washegari muka tafi babban asibiti a cikin gari. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce kansa ce, ciwon da muka taso muna kira daji. Aka yi mata aiki aka cire nonon. Da wurin ya warke aka ce saura kemo, wato wani magani mai ƙarfi da ake ɗaura wa mutum kamar ƙarin ruwa, sau shida, duk bayan sati uku. Likitarta wata yarinyar mace ce 'yar Katsina, Dakta Najwa, mai tabarau da magana a hankali. Ta gaya mana tun farko cewa amfanin maganin yana cikin a yi shi a kan lokaci, kuma a kai ƙarshensa.

Tunda Salisu yana hanya, ni na zama 'yar rakiya. Ranar Litinin a ɗibi jini, Laraba mu ga likita da sakamako, Alhamis a ɗaura ruwan. Na farko ja ne, kamar zoɓon da aka tsinka. Bayan na biyu gashinta ya zube, farcenta ya yi baƙi, tafin hannunta ya yi fari fat. Sau biyu jininta yana yin ƙasa har aka ƙara mata, leda ɗaya a karon farko, leda biyu a na biyu.

To, kowa ya san abin da muke yi idan muka ga mutum ya yi fari. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ja fatar idonta ƙasa ya duba, ya girgiza kai ya ce babu jini. Sai ya koma ya dawo da kwalba. Maman Zaid, matar mai gidan da muke haya, ta kawo tonik na ƙarin jini daga kemis mai hoton mace tana murmushi. Oga Tawfiq, shugaban su Rekiya a wurin aiki, ya aiko da wani a cikin kwali mai kyau, an ce daga waje aka kawo shi. Abokan aikinta suka haɗu suka kawo biyu. Surukarta ta aiko da jiƙon saiwoyi daga Okene a hannun direba. Barira mai ɗinki ta sayo wani baƙi mai kauri a tashar Nyanya, wurin masu tallar magani da lasifika, ba shi da ko takarda a jiki. Na bakwai nawa ne. Karan dafi nake dafa mata da zoɓo da ɗan kanumfari, kamar yadda mahaifiyata take yi wa masu jego, in zuba a gorar ruwa in kai mata duk bayan kwana biyu.

Ta jera su a kan taga, kowace da mazauninta. Ni nake share mata ɗaki, shi ya sa na lura da wani abu. A gidan mara lafiya kwalba ɗaya ce ke raguwa, sauran su yi ƙura. Nata kuwa duka bakwai ɗin tare suke sauka, kamar an auna da zare. Na gani, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba. Har daɗi na ji, na ce tana kula da kanta.

Kafin ruwa na huɗu Dakta Najwa ta ƙara wani gwaji. Ta ce tunda jinin ya ƙi tsayawa, tana so ta ga ko jikin ya rasa wani sinadari da ake kira ayon, wanda da shi jiki ke haɗa jini. Ranar Laraba muka shiga, ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce gwajin sunansa feritin, shi ke nuna yawan ayon ɗin da jiki ya ajiye. Ita ta zaci za ta ga ya yi ƙasa. Sai ga shi lambar da bai kamata ta wuce ɗari biyu da wani abu ba ta haura dubu. Ta juya takarda ta biyu, ta ce lambobin hanta ma sun tashi.

"Anti Rekiya, ba zan ɗaura miki ruwa gobe ba," in ji ta. "Sai mun yi hoton hanta mun gani."

Rekiya ta gyara hijabinta. "Ciwon ya tafi hanta ke nan?"

"Ban ce ba. Abubuwa da yawa suna kawo haka. Kina shan wani abu ban da wanda muka rubuta miki? Maganin ƙarin jini, ko na gargajiya?"

"Kaɗan, Dakta. Cokali ɗaya."

Likita ta rubuta. Ni ina zaune a kujerar gefe, jakar Rekiya a cinyata. A nan take kwalaben nan bakwai suka tsaya mini a ido, da yadda suke sauka tare. Ba a ƙaryata babba a gaban yarinya, kuma gorata tana cikin jerin. Na yi shiru har muka fito.

A bas ɗin Nyanya muka samu kujerar baya. Mota ta tsaya cak a cunkoso wajen gadar sojoji, masu gyaɗa da ruwan leda suna ta leƙo taga. Rekiya tana kallon waje, leɓenta yana motsi, na san salati take yi. Na bari ta kai aya.

"Cokali ɗaya kika ce."

"Ƙarya na yi?"

"Daga wace kwalba?"

Ta ce, "Kowanne."

"Sau nawa a rana?"

"Safe da yamma. Naki kuma kofi ne, ba cokali ba."

Na lissafa a yatsuna, na ce inna lillahi a zuciyata. Na ce, "Rekiya, don me?"

Ta juyo ta kalle ni kamar ni ce ban da hankali. "Yaya, Maman Zaid kullum yana tsaya a ƙofa, yana ce, kina shan wanda na kawo? Barira ma haka. Oga Tawfiq yana kira a waya. Mama na Okene yana kira. In ce me? In ce ban sha ba, ransu ya ɓaci, mutum ya tako ƙafa ya kawo. In ce na sha alhali ban sha ba, na yi ƙarya ina kan gadon ciwo, ban san ranar tafiya ba. To na sha. Kowa ya tambaya, na ce eh, kuma gaskiya ne."

"Shi ya sa cikinki ke ɗaurewa, kike kwana uku ba ki zaga ba."

"Na ce ko kemo ne."

"Sai mun gaya wa likita."

"A'a. Zai tambaya wa ya ba ni. Zai ce mutanen gidanmu jahilai ne. Su da suka yi don Allah."

Muka isa Kurudu. Bayan la'asar na zauna a kan sallaya na daɗe. Ni ba mai yawan ilimi ba ce, aji huɗu na yi aka cire ni, sai Islamiyya da na ɗan taɓa bayan aure. Amma na ga likita tana neman abu a cikin duhu, mu kuma fitilar tana hannunmu mun ɓoye a bayan zani. Idan aka ci gaba da ɗaga ruwan nan, wahalar da ta sha sau uku za ta iya tashi a banza. Na roƙi Allah Ya ba ni bakin magana, don ni ma kunyar ce ke cina, ba Rekiya kaɗai ba.

Da safiyar Alhamis, ranar da ya kamata a ce tana kwance ana ɗaura mata ruwa, na shiga ɗakinta da jakar buhu. Na fara ɗaukar gorata na saka, sannan na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Tana zaune a bakin katifa tana kallona.

"Yaya, za ki tona mini asiri."

"Da nawa zan fara."

Na ɗaure bakin jakar na nufi ƙofa. Ban taɓa shiga cikin gari ni kaɗai ba, ita ma ta sani. Na kai tsakar gida na ji muryarta a bayana. "Tsaya in sa hijabi. Ke kaɗai za ki ɓata a Nyanya, a kai ki Keffi."

Ba ranar ganinmu ba ce, don haka sai da muka jira Dakta Najwa ta sallami kowa, wajen azahar. Na kwance jakar na jera mata kwalaben a kan tebur yadda suke a taga. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ɗauki na kemis ɗin tana karanta bayansu, huɗu duk akwai ayon a ciki. Ta buɗe na Okene ta sansana. Ta buɗe na tashar Nyanya ta sansana, ta yi saurin rufewa. Da ta zo kan gorata na ce, "Wannan nawa ne, likita. Karan dafi ne da zoɓo."

"Kakata ma tana dafawa," in ji ta. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta tambayi Rekiya tun yaushe, sau nawa, ta rubuta duka. Sannan ta ajiye biro.

"Mama, kun san rumbu ai. Jikin Anti Rekiya rumbunsa cike yake da hatsi, har yana zuba. Amma jiki idan yana faɗa da ciwo, kulle rumbun yake yi. Shi ya sa kuke ganin ta yi fari, kuna cewa babu jini, kuma gaskiyarku ne, jinin ya yi ƙasa. Sai dai ba rashin hatsi ba ne. Maganin da muke ɗaura mata ne yake rage ƙarfin wurin da ake haɗa jinin. Duk abin da kuka ƙara, bakin rumbu yake taruwa."

Na ce, "To mu muka ja mata ke nan?"

Ta ce, "Ba zan ɗora muku duka ba, don ba zai zama gaskiya ba. Jinin da muka ƙara mata leda uku, kowace leda da ayon ɗinta take shiga, kuma ba ya fita da sauri. Ciwon kansa yana ɗaga lambar, kemo ma yana ɗagawa. Ko ba ta sha komai ba zan iya ganin ta hau. Abin da ya fi damuna hanta ce. Waɗannan biyun," ta nuna na Okene da na tasha, "ban san abin da ke cikinsu ba, mai sayarwar ma wataƙila bai sani ba. Hanta ce ke tace kemo, ita ce kuma ke tace waɗannan. An yi mata kaya biyu."

Ta ce a tsayar da komai, har nawa, sai abinci da ruwa da abin da ta rubuta. Za a yi hoton duk da haka, don ba za ta yi zato a kan hanta ba. Bayan sati biyu a sake ɗibar jini. Da za mu fita ta ce, "Anti Rekiya, jiya cokali ɗaya kika ce mini." Rekiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba ki tambaya kwalba nawa ba, Dakta." A nan ne likitar ta yi dariya, har nas ta leƙo.

Sati biyun nan sun yi mana tsawo. Rekiya ta rage magana. Takan zauna a ƙofar ɗaki da carbi, ko ta ɗauki guntun kwali tana naɗewa tana warwarewa, hannun ya saba. A kwana na huɗu cikinta ya saki, ta fara cin tuwo da ɗan dama. Ranar da aka yi hoton, mai ɗaukar bai ce mana komai ba, ya ce likita za ta yi bayani. Salisu ya dawo daga Fatakwal ya kwana biyu, ya zauna a kan benci kamar baƙo, ya sake tafiya don ba a ba shi hutu ba.

Laraba ta biyu muka shiga. Dakta Najwa ba ta bari mun zauna ba ta ce hanta lafiya lau, babu komai a hoton, lambobinta kuma sun sauko kusan daidai. Feritin ɗin yana nan sama, ya ɗan motsa kaɗan kawai. Ta ce wannan ba zai hana ruwa ba, za ta riƙa duba shi, zai sauka a hankali bayan an gama. Washegari aka ɗaura na huɗu. Ina zaune kusa da gadon ina kallon ɗigon yana sauka, ban san lokacin da na karance Yasin har ƙarshe ba.

Ta yi na biyar, ta yi na shida. Lambar nan sai da ta yi wajen wata takwas tana saukowa. Yanzu Rekiya ta koma Idu, sun ba ta aikin zaune, tana manna takarda a jikin kwalaye. Gashinta ya fito da furfura a gaba, ta ce kemo ne ya kawo, na ce shekaru ne. Duk wata uku muna komawa a duba ta. Likita ba ta taɓa ce mana an gama ba, mu ma ba mu tambaya. Abin da Allah Ya ba mu na yau muna gode masa.

Na manta ban faɗi yadda muka ƙare da masu kawo kwalabe ba. A ranar Alhamis ɗin nan da muka kai wa likita jakar, mun sauka daga keken haya mai ƙafa uku a bakin layinmu rana ta yi sanyi. Daga nesa muka hango Barira a ƙofar gida, tana tsaye da baƙar leda a hannu, ledar ta fito da siffar kwalba. Tana ganinmu ta fara murmushi tana ɗaga ledar. Rekiya ta tsaya cak. Ta kama gefen hijabina, ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Yaya, ni ba zan iya ba. Idan ya miƙo zan karɓa, idan na karɓa zan sha. Daga yau ke ce ƙofana. Duk wanda ya kawo, ke ki tare shi. Ki fara da godiya, ki kira sunansa, ki ce Rekiya ya ga alherinsa. Sannan ki ce likita ya hana. In ya ce to me zai kawo, ki ce ya kawo lemu, ko ya zo hannu rabbana ya zauna ya yi mini hira. Amma don Allah, Yaya, kar ki bar kowa ya koma gida yana jin shi ne ya cuce ni."